Ranar da Na Faɗi a Gaban Gwaggo Lami

Sallama gare ku, 'yan'uwa masu karatu, da waɗanda muka saba da waɗanda yau suka fara leƙowa. Sunana Ummukulsum, a gida Ummu ake ce min, a wurin aiki kuma Sista Ummu. Abin da zan ba ku ya faru ne ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, lokacin da wayar salula ta fara shigowa Kano. Ina budurwa a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ina aikin ungozoma a ɗakin haihuwar wani asibiti da ba zan kama sunansa ba.

Da farar hula suka hau, aka yi shela a rediyo cewa haihuwa ta zama kyauta. Abu ne mai kyau, wallahi, mata suka yi ta tururuwa daga Unguwa Uku da Hotoro har da ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Aka ƙaro mana gadaje, amma ba a ƙaro masu karɓar haihuwar ba. Mu ɗin dai ne, 'yan tsirarun nan, safe da yamma da dare.

A ɗakinmu akwai wata doka da ba wanda ya rubuta ta, amma kowa ya haddace: budurwa ba ta da uzuri. Mai miji tana da girki, mai goyo tana da rigakafi, waccan tana da suna, wannan tana da ta'aziyya a Wudil. Ke kuwa da ba ki da miji ba ki da ɗa, me kike yi a gida? Sai ki ji an dafa kafaɗarki, "Ummu, riƙe min yammar nan, zan rama miki." Cikin masu cewa za su rama, mutum ɗaya ce ta taɓa ramawa, Sista Miriam, 'yar Kagoro da ke zaune a Tarauni. Ina riƙe mata safiyar Lahadi ta je coci, tana riƙe min wunin Juma'a da ranakun Sallah. Sauran kuwa har yanzu ina jiran su.

Kada ku ce me ya hana ni ƙi. Bakin nan nawa bai iya cewa a'a ba. Haka Inna ta rene ni, in babba ya ce yi, ki ce to, in ƙarami ya roƙa, ki ji kunya.

Sai Lawan. Malamin lissafi ne a wata sakandare, gidansu na Babban Giji, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ya tashi wani daga barci. Ina son sa, ba na ɓoyewa, ina son sa sosai. Ya gaji da zuwa zance ana ce masa ina wurin aiki, shi ne ya sayo min salula, ƙatuwa mai nauyi kamar sabulun wanki. Ya ce, "Tunda ganinki ya gagara, ko muryar in riƙa samu."

Bawan Allah bai san abin da ya jawo min ba. Duk ɗakin haihuwa ni kaɗai ce mai waya in ban da Metiron. Kafin sati ya zagayo lambata ta shiga jakar kowa. A da in na tashi daga aiki na shiga hayis, shi ke nan na tsira, sai an gan ni. Yanzu kuwa mace sai ta tsaya wurin masu lemar buga waya a bakin titi ta kamo ni ko ina banɗaki.

Shi kuma saƙonninsa sai su taru ban buɗe ba. "Kin ci abinci?" "Na zo, Inna ta ce kin koma. Na bar miki lemo." "Ummu, ni ma ki sa ni a jadawalin aikin mana." Ranar da ya dace ya same ni a gida, muna zaune a zaure yana ba ni labarin ɗalibansa, na jingina kai da bango, ban farka ba sai da na ji kiran sallar isha. Ashe tun ɗazu yana zaune yana kore min sauro da hularsa. Dariya muka yi a lokacin.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne jikina ya fara yi min abin da ban gane ba. Babban yatsana na hannun hagu sai ya kama rawa shi kaɗai. Kofin shayi ya suɓuce min da safe ba dalili. Wata rana na shiga mota zan sauka a Gyaɗi-Gyaɗi, ban san yadda aka yi ba sai ji na yi kwandasta yana cewa Unguwa Uku, kowa ya sauka. Idona biyu, amma hanyar nan gaba ɗaya ba ta cikin kaina. Na ji tsoro, sai na ce da kaina gajiya ce, na shanye.

Maganar aurenmu ta kai ga bincike. A danginsu Lawan mai wannan aikin ita ce Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinsa. Ta riga ta bi unguwarmu gida gida, ta zauna da mai markaɗe, ta sha ruwa a gidan mai unguwa, ta tambayi asalinmu, ta tambaya ko a zuriyarmu akwai kuturta ko taɓin hankali ko farfaɗiya. Ba ta samu komai ba. Saura ta gan ni da idonta, in ta ce to, a sa rana. Aka ce za ta zo Asabar bayan azahar.

Na yi aikin dare Alhamis da Juma'a. Niyyata in koma gida Asabar da safe in yi barci in tashi da fuska irin ta mutane. Har na kai bakin ƙofar asibiti sai wayar ta yi ƙara. Husaina ce, abokiyar aikina mai 'ya'ya ƙanana.

"Ummu, don girman Allah, ƙaramin ne ya kwana da zazzaɓi. Riƙe min zuwa azahar kawai."

"Husaina, yau fa nake da baƙi."

"Ai kafin su zo na iso. Ke ce kawai nake da ita."

Na ce to. Na juya na koma na sake ɗaura abin gaba. Safiyar nan kamar matan Kano sun yi shawara, wannan na sauka waccan na kan gwiwa. Ko ruwa ban kurɓa ba sai da Husaina ta shigo ana sallame azahar, tana ba ni haƙuri tana cin gyaɗa.

Na hau acaɓa na iso gida na tarar Inna ta juya falo. An shimfiɗa sabuwar leda, labulen da ke ƙasan akwati tun bikin yayata ya fito, turaren wuta har ƙofar gida. Ta dube ni ta riƙe haɓa.

"Wannan idon fa? Kamar an zuba miki barkono."

Na watsa ruwa a gurguje, na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da zani, na yafa mayafi ruwan madara. Na cika kwalli, na danna hoda a ƙasan ido don ta rufe baƙin da ya taru. A madubi na ga kyakkyawar yarinya, amma ƙasa tana yi min kamar ina tsaye a kan katifa.

Gwaggo Lami tana zaune a kujerar Baba, cikin leshi ruwan toka, da farin gilashi, carbi a hannu. Irin matan nan ne da ba sa kallon fuskarki, ƙafarki suke kallo da farcenki da yadda kike ajiye abu. Na shigo da faranti, jug ɗin zoɓo mai sanyi, kofunan tangaran na Inna da ba a fito da su sai da dalili, da cincin da dubulan. Na durƙusa.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau, 'yar nan. Ke ce nas ɗin?"

Na buɗe baki zan amsa, sai yatsan ya fara. Na ji shi yana bugun ƙasan farantin, kofuna suna ƙara a hankali. Wani sauti ya taso min a kunne kamar injin markaɗe daga nesa. Na tuna na ce a raina, ya Allah ba yanzu ba, bari in ajiye tukuna. Daga nan ban san komai ba.

Silin na fara gani. Sai muryar Inna tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, tana shafa min ruwa. Ƙirjina jage-jage da zoɓo, ja wur a kan shuɗiyar atamfa, kofi ɗaya ya fashe, ga cokali a gefen kaina da Inna ta yi ƙoƙarin tura min a baki. Harshena yana zafi. Na taɓa shi da haƙori na ji gefensa ya tsage, kuma a nan ne na gane girman abin, don ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san abin da ake tambaya in an kawo wanda ya faɗi. Ana tambaya ko ya ciji harshe.

Gwaggo Lami tana tsaye can bakin ƙofa. Ta tattare gefen zaninta da hannu ɗaya, takalmanta a ɗaya hannun. Mutanenmu sun yarda yawun mai farfaɗiya yana sa wa wani ciwon. Ƙarya ce, na karanta, na kuma sha gaya wa dangin marasa lafiya. Amma ranar nan ni ce a ƙasa, kuma na ga yadda take duba leda kafin ta taka.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce. "Ta saba yi ne?"

"Wallahi ba ta taɓa ba, Hajiya," in ji Inna. "Gajiya ce. Daga wurin aiki take."

"To. Allah ya sa gajiyar ce."

Ta fita ko ruwan gidanmu ba ta sha ba.

Na zaci Inna za ta ce in kwanta in huta. Ina. Da ta gama kuka sai ta share ido ta zauna a bakin gadona ta fara tsara yaƙi.

"Gobe da safe ki sa fararen kayanki, ki bi ta gaban mai markaɗe, ki tsaya ki gaida matar mai unguwa, kowa ya gan ki da ƙafafunki. In kika kwanta, shi ke nan an ce ciwon ya tabbata. Ba ke kaɗai ba, har ƙannenki ba mai zuwa neman su. Kuma kada ki kuskura ki gaya wa kowa a asibitinku."

"Inna, jikina fa ba ƙarfi."

"Ki nemo shi. In an ɗaura auren kya huta."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne irin nawa, sai dai nata ya fi nawa sanin unguwa. Lahadi da safe na sa yunifom, na bi ta inda ta ce, na gaisa da kowa har da waɗanda ban saba gaisarwa ba. Wayata shiru, ko filashin Lawan bai yi min ba. Na riƙa ciro ta ina dubawa ko ta mutu ne.

Miriam ta shigo karɓar aiki daga coci, da zanin zumuntar mata a jikinta, ta same ni ina ƙoƙarin ɗaure cibiyar wata jaririya, zaren yana kuɓuce min. Ta karɓa ta ɗaure, ta miƙa wa uwar 'yarta, sannan ta ja ni ɗakin ajiyar kaya ta rufe ƙofa.

"Me ya sa kike magana kamar da goro a bakinki? Buɗe in gani."

Na buɗe. Ta dubi harshen, ta dube ni. Sai kawai na fashe da kuka na gaya mata komai, har da maganar Unguwa Uku.

"Ke yarinyar nan za ki kashe kanki saboda bikin sunan 'ya'yan wasu," ta ce. "Ɗauko jakarki."

Ta roƙi wata ta tsaya mata, ta kai ni Tarauni gidan Dakta Ayuba, wani likita ɗan cocinsu, don kada a buɗe min kati a inda aka san ni. Ya saurare ni a falonsa, ya haska idona, ya sa na miƙe hannuwa. Ya tambaye ni rabona da in yi barcin dare cikakke a jere, na yi ta tunani na kasa tunowa.

"Sista, ba zan rantse miki ba," ya ce. "Rashin barci da yunwa suna iya kayar da mai lafiya ƙalau, har ya yi fizge-fizge. Suna kuma iya tayar da ciwon da dama yana kwance. Yanzu ba mai iya bambance miki. Ki huta na wasu makonni, barci na gaske, abinci a kan lokaci, sannan mu yi gwaji mu gani."

"Dakta, in na kwanta a gida za a ce…"

"A ce. Jiya faranti ne a hannunki. In da jariri ne fa?"

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Na tuna 'yar da na riƙe ɗazu, santsinta, rashin nauyinta, da simintin ɗakin haihuwa. Sai da Miriam ta riƙe ni. Ya rubuta min takardar hutu, ita ta kai wa Metiron da kanta, ta kuma raka ni gida ta tsaya gaban Inna ta maimaita mata maganar jaririn. Inna ba ta sake cewa in fita ba, amma ranar ba ta ci abinci ba.

Litinin da hantsi saƙon Lawan ya shigo. "Zan zo bayan la'asar. Kada ki wahalar da kanki da kwalliya." Na karanta shi ya fi a ƙirga, ina neman inda ya ɓoye sallama a ciki.

Na fito zaure da doguwar rigar gida da hijabi. Ya rame cikin kwana biyun nan, ko kuwa idona ne. Bayan gaisuwa ya daɗe yana juya hularsa.

"Gwaggo ta gaya wa mahaifina, Alhaji, abin da ta gani. Sun ce a dakata da sa rana."

Na ce, "Na sani." Ban sani ba, amma me zan ce.

"Na gaya musu ni shaida ne, na ga kina barci a zaune a nan wurin. Na ce duk wanda aka yi wa aikin da ake miki sai ya faɗi. Alhaji ya ce so ne yake magana da bakina."

Na gaya masa abin da likita ya ce, duka biyun, ban rage ba. Ina cikin magana wayar ta ɗau ƙara a hannuna. Lambar masu lema ce. Na ɗaga.

"Ummu, Husaina ce. An ce kin samu hutu, kin ji daɗinki. To tunda kina gida ba abin da kike yi, riƙe min safiyar gobe kawai, akwai kamu a gidan mijina."

Wallahi "to" ɗin har ta hau harshena, ta zo daidai inda ya tsage. Lawan yana kallona. Ji nake kamar zan yi wa wani rashin kunya a bainar jama'a.

"A'a, Husaina. Ba zan iya ba."

"Na'am? Layin ne ba kyau ko me?"

"Layin ƙalau yake. Na ce a'a."

Na kashe wayar gaba ɗaya na miƙa masa. Ya karɓa ya dube ta, ya sa a aljihu, ya ce da ƙafa ma ya san hanyar gidanmu. Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata, har na fara murmushi. Sai ya ce akwai saura.

"Gwaggo ta ce za ta riƙa zuwa dubiya kullum har hutun ya ƙare. Abin da ta gani, da shi za su yi aiki."

"In kuma na sake faɗuwa?"

Ya mayar da hularsa kai.

"Ni ina nan, Ummu. Abin da ban sani ba shi ne ko muryata za ta kai."

Kun ga inda tsoron yake? Da ina da abin laɓewa, in ce aiki ne. Yanzu an ɗauke aikin, an ɗauke wayar, saura ni da jikina. In na huta na ƙoshi na sake faɗuwa, ba gajiyar da zan ɗora wa laifi.

Na yi barcin da rabona da irinsa tun ina makaranta. Talata da hantsi ina kishingiɗe a ɗaki na ji sallamar Gwaggo Lami a tsakar gida. Ta shigo da dardumarta da carbinta da kwanon kunun gyaɗa a kwando, alamar wuni ta zo yi. Ta shimfiɗa dardumar nesa da gadona kaɗan, ta zauna, muka gaisa. Inna ta ajiye jug ɗin ruwa da kofi a kusa da ni ta fita, tana yi min wani kallo mai cewa ki nuna mata lafiyarki ƙalau.

Gwaggo ta ja carbi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Zuba min ruwa, 'yar nan."

A ƙarƙashin mayafi yatsan ya fara. A hankali, amma shi ne. Zan iya ɗauka da hannun dama in yi sauri, in danne na hagun da cinya, wataƙila ba za ta lura ba. Na dubi jug ɗin, na dubi ledar da ke tsakanina da ita. Na gaji da cewa to.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan iya ba yanzu. Hannuna ne yake rawa."

Carbin ya tsaya. Ta cire gilashin ta goge shi da gefen mayafi ta mayar. Matar da ranar Asabar ta tattare zani don kada ya taɓa inda na kwanta, sai ga shi ta jawo dardumarta har gindin gadona.

"Kawo hannun," ta ce.

Na fito da shi yana rawa na miƙa mata, ban sani ba ko riƙewa za ta yi ko shaida take nema.